Kaya na Magana, Masu Aure na Shiru: Sharhi a kan Littafin Barbara Cooper game da Aure a Maraɗi

1. Gabatarwa

A shekarar 1997 kamfanin Heinemann ya buga littafin Barbara M. Cooper mai suna Marriage in Maradi: Gender and Culture in a Hausa Society in Niger, 1900-1989. Marubuciyar Ba'amurkiya ce, masaniyar tarihi, wadda ta zauna a Maraɗi a ƙarshen shekarun 1980 tana hira da mata cikin harshen Hausa. Kafin fitowar littafin ta riga ta buga wata maƙala a mujallar Journal of African History a 1995, inda ta keɓe magana ga kayan da ake musaya a lokacin aure daga 1907 zuwa 1989. Wannan sashe na aikinta ne za mu duba a nan, domin shi ne ya shafi abin da kowane gida ke fama da shi in an sa ranar ɗiya ko ɗa: me dangi ke jira, wa zai kawo me, kuma ta bakin wa za a ji.

Ra'ayinmu shi ne Cooper ta karanta kayan aure fiye da duk waɗanda suka yi musu kallon almubazzaranci. Sai dai akwai abin da ke juya waɗannan kaya wanda bai sami matsayin da ya dace da shi ba a cikin bayaninta, wato ladabin magana da kunya. Muna ganin a nan ne ake samun dalilin da ya sa hidimar aure ke hawa ba ta sauka, ko da kowa a gidan yana kuka da ita.

2. Abin da Cooper ta zo da shi

Ta fara ne daga mutuwar bauta. A farkon ƙarni na 20, da bayi suka riƙa watsewa daga manyan gidaje, sai aikin daka da ɗibar ruwa da noma ya rasa masu yi. Masu hali suka cike giɓin da ƙananan mata, ana shigo da su gida ta hanyar wani irin zama da bai cika aure ba, bai kuma fita daga ƙwarƙwaranci ba. Amsar da mata suka bayar, in ji Cooper, ita ce su fito da bikin fili. Yarinyar da aka kai ɗaki da guɗa, ga jerin mata ɗauke da ƙore da tabarmi da hatsi suna ratsa gari, ba mai iya cewa daga baya bai san matsayinta ba. Mai jin Hausa zai ƙara wa wannan hujja ƙarfi da abin da harshen kansa ya tanada: kalmar ɗiya tana nufin wadda aka haifa, tana kuma nufin wadda ba baiwa ba. Garar da aka ɗauko a ka shaida ce ta ma'anonin biyu a lokaci guda.

Daga nan ta biyo sauyin tattalin arziki. Gyaɗa ta shigo, fatauci da Nijeriya ya haɓaka, aka sami Alhazan da Emmanuel Grégoire ya yi nazari a kansu a 1986, aka kuma sami ƴan albashi. Kayan da a da ke fitowa daga gayaunar mace da aikin hannunta, kamar hatsi da zare da ƙwarya, suka koma sai an je kasuwa: kwanoni, tasoshi, atamfa, gado. Surar bikin ba ta sake ba, amma abin da ke ƙarƙashinta ya sake. Arzikin mutane, wanda shi ne abin da uwa ke nunawa ranar auren ɗiyarta, ya zama ba ya tsayuwa sai da arzikin kuɗi, mata kuma suka faɗa biɗar kuɗi ba ji ba gani. Guy Nicolas ya riga ya nuna yadda kyautar al'ada da cinikin kasuwa ke cuɗanya a kwarin Maraɗi, a littafinsa Don rituel et échange marchand dans une société sahélienne (1986). Abin da Cooper ta ƙara shi ne tarihi da muryar mata, kuma ba ƙaramin ƙari ba ne.

3. Kallon da ta zo ta tarar

Domin a san nauyin wannan aiki sai a tuna da irin kallon da ya rinjaya kafinsa. A fim ɗin Mustafa Alasan na 1972, F.V.V.A., wato mace da mota da gida da kuɗi, ƙaramin ma'aikaci ne iyayensa suka yi wa aure, buƙatu suka yi masa yawa, ya sa hannu a kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a kaso. Fim ne mai kaifi, amma a cikinsa bukatun dangi tarko ne kawai, mai kallo yana ganinsu daga aljihun namiji. Haka hukuma ta gan su. A zamanin Seyni Kunce (1974-1987) an ƙayyade abin da za a bayar na auren budurwa, jikka hamsin, wato sefa 50,000. Haka kuma masu wa'azi, musamman bayan da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta sami magoya baya a Maraɗi da sauran garuruwan kudu. Adeline Masquelier ta nuna yadda wannan jayayya ta kasance a Dogon Dutsi, inda mata suka tsaya a kan cewa ba a kai yarinya ɗaki babu gado.

A nan akwai ɗan ratse da ya kamata a yi. Ana yawan magana kamar kayan ɗaki al'ada ce tsantsa wadda fiƙihu bai san da ita ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ajiye mafi ƙarancin sadaki a kan rubu'in dinari, wannan kowane almajiri ya sani. Amma Muhtasar na Halil ya ɗora wa amarya yin kayan ɗaki bisa al'adar wuri, gwargwadon sadakin da ta karɓa kafin tarewa. Ke nan tushen abin yana cikin mazhabar Malikiyya. Abin da ya wuce gwargwadon sadaki, wanda shi ne kaso mafi girma a gidajenmu, shi ne ba wanda ya wajabta sai idon jama'a.

Cooper ta yi daidai da ta ƙi wannan kallo na aljihu. Kwanonin da ke jere a ɗakin amarya dukiyarta ce, ba ta miji ba. In aure ya mutu da su take fita, in fari ya zo ko ciwo ya kama yaro su take sayarwa. Wanda ya ce a rage su ba tare da ya faɗi abin da zai maye gurbinsu ba, rumbun mace ya ce a rushe.

4. Wa ke da bakin magana?

To amma bari mu bar kayan, mu dubi mutanen da ke kewaye da su, mu ga wanda ke magana a kowane mataki.

Saurayi mai kunya ba ya tunkarar ubansa da zancen aure. Yakan bi ta wajen gwaggo, ko kaka, ko aminin uban. Uban kuma ba ya zuwa neman aure da ƙafarsa, ƙannensa ko yayyensa yake turawa da goro. In sun isa, uban yarinya ba ya amsa musu. Zai ce ba shi ke da ita ba, a je wajen wane, wato ɗan'uwansa, wanda shi ne zai zama waliyyi ranar ɗaurin aure. In yarinyar ɗiyar fari ce abin ya fi tsanani, domin uwarta ko sunanta ba ta faɗa, kuma ana jira ta nuna kamar hidimar ba ta dame ta ba, alhali shekara da shekaru tana tara kwano a ƙarƙashin gado. Ranar kawo lefe, wanda mutanen birni ke kira valise, mata ne daga dangin ango ke kawowa, gwaggwanni da ƙawayen uwa su karɓa, su buɗe, su ƙidaya turame, su ba da tukuici. Uwar amarya tana ɗaka, labari ake kai mata. Ranar jere dangin amarya ne ke shirya ɗaki, dangin ango su zo gani, su koma da abin da suka gani. Amarya tana cikin lalle da lulluɓi, bakinta ma sai an saya. Ango yana ɓoye a wajen abokai, babban abokinsa ne ke kai da kawowa.

In an lura, mutum huɗu ko biyar da abin ya fi shafa, waɗanda su ne za su kwana da bashi ko su zauna a ɗakin, duk ladabi ya ɗaure musu harshe. Masu bakin magana kuwa, gwaggo da baffa da ƙawa da aboki, nauyin da ke kansu na mutunci ne. Aikin gwaggo shi ne kada a raina gidansu. Ba a aike ta don ta yi rangwame ba, in kuma ta yi, da ita za a yi ta zance har ranar sunan ɗan fari.

Daga wannan tsari wani abu ke fitowa wanda muke ganin shi ne zuciyar al'amarin. Ƙari ba ya bukatar magana: wanda ya ga dama ya saka turmi biyu a kan na maƙwabta, ba sai ya nemi izinin kowa ba, za a gani a yi guɗa. Ragi kuwa sai da baki. Sai wani ya buɗe baki ya ce ba mu da hali, ko ya ce mun yafe, kuma ya faɗa wa surukai, mutanen da ko abinci ba a ci a gabansu. Hanyar hawa a buɗe take, hanyar sauka kunya ta toshe ta. Ana iya samun gidaje biyu da kowannensu zai so a taƙaita, amma su yi ta ƙari, kowa na tsammanin ɗayan ne ke jira. Cooper ta kira musayar kayan aure wata irin tattaunawa da ba ta yankewa, inda ake ja-in-ja a kan darajar mace da sharuɗɗan zama. Mun yarda. Abin da ya rage a tambaya shi ne me ya sa aka bar wa kaya tattaunawar, amsar kuwa ita ce don an hana mutanen yin ta. Kuma harshen kaya gajere ne, ya iya cewa mun isa, bai iya cewa ya isa ba.

Ga kuma bashin biki. Uwar amarya ta yi shekara ashirin tana kai gudummawa bikin ƙawaye da na dangi, bisa ƙa'idar da aka sani ta mayar da abin da aka kawo maka tare da ƙari, sau da yawa ninki. Auren ɗiyarta shi ne kakarta. Idan ɗa mai ilimin zamani ko miji mai bin wa'azi ya ce a ɗaura aure a masallaci a watse, a ganinsa sauƙi ya kawo. A wajenta ya ce ne ta bar gonar da ta nome ba girbi, ya kuma sa ta tozarta matan da ke jiran ranar da za su sauke nauyinta. Ita ma ba za ta iya faɗa masa haka ƙiri-ƙiri ba, don gudummawa ba a kiranta bashi a fili. Sai dai a ga fushi da ba a san kansa ba, ko a ji ta ce a yi yadda aka ga dama, kowa kuma ya san ma'anar wannan.

Kada a ɗauka muna cewa kunya cuta ce kawai. Tsarin wakilci yana da amfanin da duk wanda ya taɓa neman aure ya sani: ana iya hana mutum ba tare da an wulaƙanta shi ba, domin baffan da aka tura ya dawo da cewa an riga an yi wa yarinyar miji, magana ta mutu, zumunci ya rayu. Bayan haka al'adar da ta ɗaure bakin uwa da uba ita ce ta kwance na wasu. Kaka tana iya gaya wa jikanta cikin wasa abin da uwarsa ba za ta iya ba. Taubashi yana iya yi wa lefe ba'a a gaban jama'a, a yi dariya, amma saƙo ya isa. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, cike yake da irin waɗannan hanyoyi na kewaye, inda kakanni da ƙawaye da iyayen riƙo ke ɗaukar maganar da iyaye ba sa iya ɗauka. Idan ana samun ragi a hidimar aure, ta nan yake biyowa. Mai binciken da ke son sanin yadda iyali ke daidaita buri da hali, wajen kaka da taubashi ya kamata ya kasa kunne, kuma wannan fage ne da littafin bai shiga sosai ba.

5. Abin da doka ta kama

Wannan bayani yana taimakawa wajen gane dalilin da ya sa ƙayyade kuɗin aure bai yi tasiri ba. A duk hidimar, sadaki ne kaɗai ake ambata da adadi, da babbar murya, a gaban shaidu. Shi doka ke iya kamawa, shi kuma ta kama. Saura duka, daga kuɗin na-gani-ina-so da gaisuwar iyaye zuwa lefe da gara da tukuici, ba a kiransu farashi, ba a ciniki a kansu a fili, ba wanda zai ce an tilasta masa. Sai a ambaci jikka hamsin a wajen ɗaurin aure, doka ta gamsu, abin da ya ƙaru ya bi ta cikin akwati.

Harshen hukuma ma ya taimaka wajen ruɗanin. A Faransancin Faransa, dot ita ce dukiyar da amarya ke shigowa da ita gidan miji. A Faransancin ofisoshinmu kalmar ta juye ta zama abin da namiji ke bayarwa. Hausa ta rarrabe sadaki da lefe da gara da kayan ɗaki, kowanne da mai bayarwa da mai karɓa da mai mallaka. Takardar da ta haɗa su a kalma guda ba za ta ga cewa sau da yawa abin da ke fita daga gidan amarya ya fi abin da ya shigo ba. Masu fassara tsakanin harsunan biyu, mu ke nan, ya kamata mu daina barin dot ta wuce ba tare da mun tambaye ta wanne take nufi ba.

6. Muryoyin da suka yi ƙasa

Duk tarihin da aka gina a kan hira yana gadon ladabin masu hirar. Macen da ta fi sakin baki a gaban baƙuwa ita ce wadda ta manyanta, ta aurar, kunya ta sassauta mata. Tana ba da labarin aure ne daga kujerar uwa, inda biki ranar girma ce. Saboda haka idan aka ce kaya suna tabbatar da darajar mace, dole a tambaya: wace macen? Darajar da ake aunawa ranar jere ta uwa ce kafin ta zama ta ɗiya. Ɗiyar kuwa sau da yawa ita ce ta ɗauki tallan da aka sayi kwanonin, wani lokaci a bakin karatunta. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su kai 18. Yarinya mai irin waɗannan shekaru, wadda al'ada ke yabon shirunta, fiƙihu kuma ke ɗaukar shirun budurwa a matsayin yarda, ba ta da wata ƙofa da za ta ce ta fi son a bar gadon a bar ta a aji. Cooper ba ta jahilci tallan ƴan mata ba, ta yi magana a kansa. Amma kalmar daraja tana da daɗin ji, tana iya sa mai karatu ya manta cewa wadda ake ɗaukakawa ba a tambaye ta ba.

Saurayi ma muryarsa ta yi ƙasa, ko da yake wannan ba laifi ba ne ga littafin da ya ce tarihin mata zai bayar, kuma ya tsaya a 1989. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, ma'aikata suka yi ta bin gwamnati bashin albashi a cikin waɗannan shekaru. Masquelier ce ta ɗauki wannan zare a maƙalarta ta 2005 kan samarin da rashin abin aure ya hana su zama magidanta, sannan a littafinta na 2019 kan fada, majalisar shayin samari. In an haɗa ayyukan biyu sai a ga gida guda daga ƙofofi biyu: uwa tana ɗaka tana lissafin kwano, ɗa yana bakin titi yana lissafin turmi, kuma ladabi bai yarda su zauna su haɗa lissafin ba.

Akwai wata shaida da za ta iya gyara wannan karkata, ga ɗalibanmu masu neman abin bincike. A bukukuwa da yawa akan zaunar da yaro ko yarinya ƴar makaranta da littafi, tana rubuta sunan duk wadda ta kawo gudummawa da abin da ta kawo, domin uwar biki ta san abin da za ta mayar. Waɗannan littattafai suna cikin akwatuna a Maraɗi da Damagaram da Tawa, wasu sun shekara talatin. A cikinsu akwai adadin da ba a faɗa da baki, akwai sunan wadda ta ninka da wadda ta kasa, akwai shekarar da kwano ya ba kuɗi wuri. Ba za a same su da takardar izini daga jami'a ba, sai ta hannun gwaggo, kuma sai an ɓoye sunaye. Sun cancanci irin kulawar da cibiyar IRSH ta Yamai ke ba rubuce-rubucen ajami.